Taron masu barin giya a ƙasan coci: imanin ne ke aiki ko zaman taren?

Tambaya: "Ƙanena yana zaune a Amurka shekara takwas ke nan. Giya ta kama shi har ta kwantar da shi asibiti sau biyu. Likita ya ce ya riƙa zuwa taron ƙungiyar Alcoholics Anonymous, ga shi kuma a ƙasan wani coci suke zama, ya ce mini suna ta maganar Allah da addu'a. Mu Musulmi ne. Wani addinin za su saka shi? In kuma imani ne maganin, me zai hana ya tsaya ga masallaci kawai?"

Amsa: Allah ya ba shi lafiya, 'yar'uwa, ya kuma saka miki da kika tsaya kina bincike maimakon ki yi ta faɗa da shi a waya. Kafin maganar coci da masallaci akwai wadda ta fi ta gaggawa, tunda kin ce ya kwanta asibiti sau biyu.

Mutumin da jikinsa ya saba da giya kullum, in ya yanke ta dare ɗaya, yana iya rasa ransa. Daga awa 6 zuwa 24 bayan kurɓar ƙarshe hannu yakan fara karkarwa, gumi ya keto, zuciya ta yi ta dukan uku-uku, barci ya ƙi zuwa. A cikin kwana biyun farko wasu sukan faɗi suna jijjiga kamar mai farfaɗiya. Mafi munin yakan zo a kwana na biyu zuwa na huɗu: zazzaɓi, ruɗewa, mutum bai san inda yake ba, yana kakkaɓe ƙwari daga jikinsa waɗanda babu su, yana nuna maciji a jikin bango. A gida sau da yawa nan ne ake cewa aljanu ne, a kira mai ruƙiyya, a yi ta tofi har gari ya waye, alhali ƙwaƙwalwa ce da giya ta daɗe tana dannewa ta zabura lokaci guda. Wanda yake shan ta da sassafe don hannunsa ya daina rawa, ko wanda ya taɓa jijjiga a wani yunƙurin bari da ya yi a baya, kada ya daina sai a hannun likita. Abin da ake yi a asibiti sananne ne: a ba shi diazepam ko chlordiazepoxide, a riƙa ragewa a hankali cikin kamar mako guda, a haɗa masa da bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa daga lalacewar da ke barin mutum da mantuwa ta dindindin. Ki kula da wannan musamman in azumi ya gabato. Mashaya da yawa a daren ganin wata suke rantsuwa, su yanke kwatsam, kwana uku a ɗauke su ranga-ranga.

Yanzu ga ƙungiyar. Daga gonar Kiristanci ta tsiro, wannan babu ɓoyo. A shekarun 1920 da 1930 akwai wani motsi na Kiristoci da wani fasto Ba'amurke, Frank Buchman, ya kafa, ana ce masa Oxford Group. Suna taruwa a gidaje, kowa ya faɗi laifinsa a gaban 'yan'uwa, ya miƙa wuya ga Ubangiji, ya je ya nemi gafarar waɗanda ya cuta. Wani dillalin hannun jari a New York, Bill Wilson, wanda giya ta gama da shi, ta hannun wani tsohon abokin shansa ya san su. A watan Disamba 1934, yana kwance a asibiti, ya yi kuka ga Allah, ya ce ya ga haske ya cika ɗakin, kuma daga ranar bai ƙara sha ba har ya mutu a 1971.

Abin da ya biyo baya shi ne ya shafi tambayarki kai tsaye. Wilson ya fito da zafinsa yana bin mashaya yana musu wa'azin hasken da ya gani. Ya yi wata biyar ko fiye, ko mutum ɗaya bai bari ba. Likitansa, William Silkworth, ya ce masa ya rage wa'azin, ya fara ba su labarin cutar kanta tukuna, yadda kofi ɗaya ke jan na biyu da yadda tunani ke yaudarar mutum ya koma. A watan Mayu 1935 kasuwanci ya kai shi garin Akron a jihar Ohio, cinikin ya wargaje, ya tsinci kansa shi kaɗai a otal, ga mashaya can ƙarshen falo. Sai ya shiga buga waya yana neman wani mashayi da zai yi magana da shi, don ya tsirar da kansa. Aka haɗa shi da wani likitan fiɗa, Dokta Bob Smith. Shi wannan likita ya fi shekara biyu yana zuwa taron Oxford Group, yana addu'a, yana karanta Littafi Mai Tsarki, kuma bai fasa sha ba. Ya yarda zai ba baƙon minti goma sha biyar, suka kwashe awanni. Abin da ya faɗa daga baya shi ne, wannan ne mutum na farko da ya yi masa magana wanda ya san abin daga jikinsa. Ranar 10 ga Yuni 1935, wadda suke lissafawa ranar shan Dokta Bob na ƙarshe, ita ƙungiyar ta ɗauka ranar kafuwarta. Ki ga dai: imanin yana nan tun da, abin da ya ƙaru shi ne ɗan'uwa a ciwo.

Da suka zo rubuta littafinsu da ya fito a 1939, an yi ja-in-ja. Wasu suna so a cika shi da sunan Yesu, wasu daga cikinsu kuma ba su yarda da Allah ba sam. Aka tsaya a tsakiya. Aka rubuta "Iko da ya fi mu", aka ƙara wa kalmar Allah "kamar yadda muka fahimce shi". Matakai goma sha biyun da aka san su da su, wato tsarin da ɗan ƙungiya ke bi daki-daki don barin sha, sunan giya sau ɗaya tak ya fito a ciki, a mataki na farko, inda mutum ke amsa cewa ta fi ƙarfinsa, rayuwarsa ta kuɓuce masa. Shida daga ciki kuwa, na 2, 3, 5, 6, 7 da 11, suna magana ne a kan Allah ko wannan Iko: yarda cewa zai iya dawo da kai hayyacinka, miƙa masa lamarinka, roƙonsa ya cire maka aibobinka, addu'a da tunani kullum. Su da kansu suna cewa ba addini ba ne, ba su da alaƙa da wata ɗariƙa, kuma sharaɗin shiga ɗaya ne, son barin sha. Kotunan Amurka ba su karɓi wannan gaba ɗaya ba. A 1996 babbar kotun jihar New York ta ce ba za a tilasta wa fursuna zuwa taron ba domin akwai addini a cikinsa, a 2007 kuma wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke irin haka a shari'ar wani mai bin addinin Buddha a Hawaii. Gaskiyar tana tsakani: ba coci ba ne, babu limami, babu baftisma, ba wanda zai tambaye shi aƙidarsa, amma ƙanshin inda ta fito bai gama fita ba. Zama a ƙasan coci kuwa yawanci maganar haya ce mai arha. Sukan zagaya da kwando kowa ya jefa dala ɗaya ko biyu, a biya ɗaki a sayi gahawa. Akwai tarukan da ake yi a asibitoci, ɗakunan karatu da ta intanet.

To, yana aiki? A 2020 cibiyar Cochrane, wadda aikinta tace binciken likitanci, ta fitar da nazarin da John Kelly, Keith Humphreys da Marica Ferri suka yi a kan bincike 27 da suka ƙunshi mutum 10,565. Waɗanda aka bi da su ta tsararren shiri na shigar da su ƙungiyar, kusan 42 cikin 100 sun cika shekara ba su sha ba, waɗanda aka yi wa wasu hanyoyin jinya na zamani kuwa kusan 35 cikin 100. Rata ce ta gaske, amma ki lura ko a ɓangaren da ya fi, fiye da rabi sun sake taɓawa cikin shekarar. Yawancin binciken kuma a Amurka aka yi shi.

Da masu bincike suka shiga tono dalilin da ya sa yake aiki, abin da ya fi fitowa fili abu biyu ne. Na farko sauyin abokai: masu zuwa taro a kai a kai sukan rabu da abokan sha su sami waɗanda ba sa sha. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, a nan ma haka. Na biyu ƙarfin gwiwar cewa "a'a" a wurin biki ko bayan tashi daga aiki. Ƙaruwar ibada da addu'a ita ma ta fito a matsayin hanya, amma ta fi bayyana ga waɗanda cutar ta fi yi wa illa, waɗanda suka riga suka rasa kusan komai. Wani bincike na 2002 da Scott Tonigan da abokan aikinsa suka yi ya nuna cewa marasa addini ba su cika zuwa taron ba kuma sun fi saurin daina zuwa, amma waɗanda suka dage a cikinsu sun amfana kamar masu addinin. A nawa ganin ma'anar wannan a fili take. Imani yana riƙe mutum a kan kujerar, yana ba shi dalilin tashi bayan ya faɗi, yana sauƙaƙa masa nauyin kunya. Aikin yau da gobe kuwa, wato wa za ka kira ƙarfe goma na dare in ƙishin ya taso, mutane ne ke yin sa.

Wannan shi ne amsar "me zai hana ya tsaya ga masallaci kawai". Ya riƙe masallaci, ya riƙe da kyau. Salla biyar a jam'i tana yanka yini gida biyar, kuma mai ƙoƙarin bari babu abin da yake buƙata kamar yinin da ba shi da dogon rami a ciki. Amma ki yi tunanin ƙanenki bayan sallar Isha'i ya juya ga na kusa da shi ya ce, "Jiya na tsaya a bakin shagon giya minti ashirin ina kokawa da kaina." Me zai biyo baya? Wataƙila nasiha, wataƙila shiru, wataƙila labarin ya riga shi isa gida Najeriya. A wancan ɗakin na ƙasan coci in ya faɗi haka, rabin mutanen za su gyaɗa kai, wani ya ce masa ya canza hanyar da yake bi daga wurin aiki, wani ya ba shi lambar waya. Matsalar ƙanenki ba jahiltar hukuncin giya ba ce. Ya san haramun ce tun yana makarantar allo, kuma sanin ne ma yake ƙara masa ɓoyo.

Abin mamaki, tarihin haramcin giya a Musulunci ya fi kama da tsarin waɗannan ƙungiyoyi fiye da yadda muke yi wa mashayanmu yau. Ba a rana ɗaya aka hana ba. Aya ta 219 a Baƙara ta ce zunubinta ya fi amfaninta. Aya ta 43 a Nisa'i ta hana kusantar salla cikin maye, wanda ya matse lokutan sha. Sannan ta 90 a Ma'ida ta rufe ƙofar. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta bayyana a hadisin da Bukhari ya ruwaito cewa da hani ga giya ne farkon abin da ya sauka, da mutane sun ce ba za su taɓa bari ba, sai da zukata suka nutsu da imani tukuna. Ranar da hanin ya zo kuwa gari guda ne ya zubar tare, Anas yana cikin zuba wa baƙi a gidan Abu Ɗalha aka ce ya je ya kifar, ta kwarara a titunan Madina. Mashayin Madina ya wayi gari abokan shansa duka sun bari. Ƙanenki zai wayi gari a inda ake tallar giya a talabijin da gidan mai, don haka dole ya ƙera wa kansa ƙaramar Madina ta mutum goma ko ashirin. Akwai kuma sahabin nan da aka sha kawowa ana masa haddi saboda sha, wani ya tsine masa, Annabi (SAW) ya hana, ya ce yana son Allah da Manzonsa. A wata ruwayar ya ce kada ku taimaki Shaiɗan a kan ɗan'uwanku. Duk dangin da ke da mashayi ya kamata su san waɗannan biyun.

Yawancin matakan Musulmi zai gane su da wani suna. Amsa gazawa a mataki na farko ita ce "la haula wa la ƙuwwata illa billah" da aka sauko da ita kan abu ɗaya takamaimai. Na uku tawakkali ne. Na huɗu da na goma muhasaba ce, sai dai su da biro da takarda suke yin ta: a ja layuka, a rubuta wanda kake riƙe da shi a zuciya, abin da ya yi maka, abin da ya taɓa a rayuwarka, sannan layi na ƙarshe mai ɗaci, naka laifin a ciki. Na takwas da na tara mayar da haƙƙi ne, sharaɗin tuba na huɗu in laifin ya shafi bayin Allah, bayan nadama, dainawa da ƙudurin ƙin komawa. Sun ƙara wata togaciya mai hikima, cewa kada a je neman yafiya in yin hakan zai cutar da wanda aka je wa ko wani daban. Mutum ba zai sauke nauyin ƙirjinsa ta hanyar tarwatsa auren wani ba.

Inda ake samun karo wurare ne ƙididdigaggu, kuma gara ya san su kafin ya shiga. Wasu tarukan, musamman a jihohin kudanci da na tsakiyar ƙasar Amurka, sukan rufe da addu'ar Kirista mai farawa da "Ubanmu wanda ke cikin sama", a tsaye, an riƙe hannun juna. Ba dole ba ce. Yana iya tsayawa shiru yana nasa zikirin, ko ya fita minti biyu kafin a tashi, ba wanda zai tanka. In riƙe hannun mace ya dame shi, akwai tarukan maza zalla a kusan kowane babban gari. Zai kuma ji wani yana cewa "Ikon da ya fi ka" yana iya zama komai, ko ƙungiyar kanta, ko teku. An faɗi wannan ne don marasa addini su sami ƙofa. Shi nasa a bayyane yake: Allah ɗaya ne ake miƙa wa lamari, ƙungiya sababi ce kamar likita da magani.

Mataki na biyar ya fi buƙatar tunani, wanda ya ce ka faɗa wa Allah, da kanka, da wani mutum guda ainihin laifukanka. Musulmi zai tuna hadisin da ya yi gargaɗi ga masu bayyana zunubin da Allah ya rufa musu asiri. Abin da aka zarga a can shi ne wanda ya kwana Allah ya suturta shi, ya wayi gari yana ba da labari don alfahari ko rashin kunya. Faɗa wa mutum ɗaya amintacce don neman mafita wani abu ne daban, sahabbai ma sun zo wa Annabi (SAW) da laifinsu suna tambayar yadda za su yi. Wanda aka faɗa wa ba ya gafarta komai, ba shi da wannan matsayi. Amfaninsa shi ne mashayi gwanin yi wa kansa ƙarya ne, in ya karanta takardarsa da ƙarfi a gaban wani sai ƙaryar ta ji kunya. Ba sai ɗan ƙungiya ba, yana iya zaɓar malami mai riƙon amana ko likitan ƙwaƙwalwa. Ya kuma sani cewa abin da ya faɗa wa ɗan ƙungiya ba shi da irin kariyar sirri da doka ta ba lauya, don haka in akwai abin da ya shafi hukuma ko takardun zama, lauya ne wurinsa.

Sai maganar gabatar da kai. Al'adarsu ce mutum ya faɗi sunansa na farko ya ce shi mashayi ne, ko da ya shekara ashirin bai sha ba. Wasu Musulmi sukan ƙi wannan, su ce wanda ya tuba kamar wanda bai yi zunubi ba ne. Gaskiya ne ta fuskar zunubi. Ta fuskar jiki kuwa, ƙwaƙwalwar da ta taɓa kamuwa ba ta mantawa, kuma waɗanda suka koma bayan shekaru sukan tarar cikin 'yan makonni sun kai inda suka tsaya. In kalmar ta yi masa nauyi, ya ce yana son barin sha, ya wadatar.

Akwai kuma hanyoyi huɗu da imani ke juyewa ya zama cikas. Na farko shi ne tarkon kunya. Mutum ya yi wata uku, ya yi rantsuwa da Alƙur'ani, ya zame rana ɗaya. Maimakon ya kira wani, sai ya ce shi munafuki ne, sallarsa ba ta karɓuwa, ya bar masallacin, ya bar taron, zamewar dare ɗaya ta zama ta wata shida. Shi ya sa ban son a sa mashayi rantsuwar har abada. Ƙungiyar alkawarin awa 24 take karɓa, gobe a sabunta, kuma wanda ya zame ya dawo ana ba shi kujera a sake ƙirga daga ɗaya. Na biyu zafin farko. A makonnin farko wasu sukan ji kamar an wanke su, su ɗauki tsayuwar dare da azumin nafila da wa'azi ga kowa, su ce sun warke ba sa buƙatar taro. Jikin da bai gama farfaɗowa ba ya gaji, barci ya lalace, a wata na biyu ko na uku nishaɗin ya sauka, ba kowa kusa. Tsofaffin 'yan ƙungiya suna gargaɗi da abu huɗu da ke buɗe wa ƙishin ƙofa: yunwa, fushi, kaɗaici da gajiya. Ibada kaɗan mai ɗorewa ta fi masa.

Na uku shi ne ƙin magani da sunan tawakkali, kuma wannan ana samunsa a masallaci da coci da cikin ƙungiyar kanta, duk da cewa rubutacciyar matsayarta ita ce kada ɗan ƙungiya ya mai da kansa likita. Akwai magunguna da ke rage komawa. Naltrexone, yawanci miligiram 50 sau ɗaya a rana ko allura sau ɗaya a wata, yana rage daɗin da giya ke bayarwa da ƙishinta. Ba a haɗa shi da tramadol ko kodin ko danginsu, sai an yi kwana 7 zuwa 10 da rabuwa da su, in ba haka ba zai jefa mutum cikin matsanancin ciwon yankewa nan take, don haka ya gaya wa likita gaskiyar duk abin da yake sha. Acamprosate ana shan sa sau uku a rana, ana duba ƙoda kafin a fara. Disulfiram yana sa mutum amai da jiri da bugun zuciya in ya sha ko kaɗan, kuma ya fi aiki in wani ne ke miƙa masa ƙwayar kullum. Babu ɗaya a cikinsu mai sa maye. In kuma akwai ciwon damuwa ko firgici a ƙarƙashin shan, wanda ya zama ruwan dare ga mutanenmu da ke zaune su kaɗai a ƙasar sanyi, sai an yi jinyarsa shi ma.

Na huɗu tilas. In wani a dangi ya kawo shawarar a dawo da shi gida a kai shi gidan mari, ki tsaya tsayin daka. A 2019 'yan sanda sun buɗe irin waɗannan gidaje a Rigasa ta Kaduna da Daura, aka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon duka. Sarƙa tana hana sha muddin tana ƙafa. In har zai dawo, asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna, Kware da Maiduguri, ko na Dawanau a Kano, su ne wurin fara tambaya.

In ya gwada ya ji bai dace da shi ba, akwai wasu ƙofofin. Millati Islami, wadda Musulmin Amurka suka kafa a Baltimore a 1989, ta sake zuba matakan goma sha biyu a kan Alƙur'ani da hadisi, sai dai tarukanta ba su da yawa, galibi ta waya ko intanet zai same su. SMART Recovery, tun 1994, ba ta maganar addini sam, dabarun sarrafa tunani da ƙishi take koyarwa. Ga masu karatu Kiristoci akwai Celebrate Recovery da ta fara a wani coci a California a 1991, kuma wanda cocinsa ke amfani da ruwan inabi mai sa maye a Jibin Ubangiji ya gaya wa fasto a ba shi marar maye. Mutane da yawa sukan haɗa biyu, su je Alcoholics Anonymous don tana ko'ina kullum, su riƙe nasu na addini sau ɗaya a mako.

Abin da zan ba shi shawara a aikace: kada ya yanke hukunci da taro ɗaya, ya zagaya shida daban-daban cikin mako biyu, domin kowane ɗaki da halinsa, wani kamar majami'a, wani ko sunan Allah da ƙyar za a ambata. Taro awa ɗaya ne, ba a rubuta suna, ba dole ya yi magana ba. Sukan ce wa sabo ya yi taro 90 a kwana 90. Ba doka ba ce, amma watanni ukun farko su ne mafi hatsari, kuma lokacin da ya saba sha shi ya kamata taron ya cinye. Cikin wata na farko ya nemi jagora, wanda suke kira sponsor, namiji, wanda ya haura shekara bai sha ba, ya gaya masa tun ranar farko cewa shi Musulmi ne kuma ga iyakokinsa. Jagoran da ya fara jan sa zuwa cocinsa, ko ya ce ya ajiye maganin likita, ko ya nemi rance, a canza shi, ba a neman izinin kowa. Ya karɓi lambobin waya aƙalla uku, ya riƙa kira tun ba ya cikin matsi, don ranar matsin hannu ya riga ya saba.

Ke kuma, akwai Al-Anon, ta iyalan mashaya, tun 1951, kuma tana da taruka ta intanet da za ki iya shiga daga inda kike, har da waɗanda ba sai kin buɗe kyamara ba. In kin kira shi, bar tambayar "ka sha?", domin amsarta ɗaya ce ko ya sha ko bai sha ba. Tambaye shi ko ya je taro a makon nan, da ranar da zai koma ganin likita. In kuɗi ya nema na haya ko magani, ki biya kai tsaye ga mai gidan ko kantin maganin.